Rantsuwar da Na Goya a Kan Yashin Brazil

Har yau in na ga matasan nan a tashar Stratford da manyan jakunkuna a bayansu, suna dariya suna latsa waya, sai raina ya ɓaci. Ba su yi mini komai ba. Ni ma na taɓa goya irin jakar nan, ina da shekara hamsin da huɗu, a ƙasar da ko a taswira ban san inda take ba.

Sunana Sabi'u. Shekara goma sha tara ina shara da goge-goge a wani babban ginin kantuna a Stratford. Karatuna firamare ne, sai na allo. Yayana Lawal ne ya kawo ni London. Shi mai ilimi ne, aikin haɗa magunguna ya yi har ya ajiye. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu, shi ya sa muke ce mata Ummi. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, don haka yawancin maganarta da zan rubuta ni na mayar da ita Hausa.

Tana da shekara ashirin da shida ta ajiye aikinta, ta sayi jaka, ta ce za ta je ta taka bakin tekun Brazil da ƙafa. Yaya ya ce in ta fita da jakar nan kada ta sake sa mabuɗi a ƙofar gidansa. Ta ajiye mabuɗin a kan tebur ta fita. Ita da ubanta kai ɗaya gare su, na dutse.

Bayan wata huɗu likitoci suka gano ciwon daji a hantar Yaya. Suka ce ya riga ya bazu, lissafin makonni ake yi. Wayar Ummi ba ta shiga. Abin da muke da shi kawai hoton da ta turo wa matata Rabi, da sunan wani ƙauyen masunta a ƙasansa.

Wata la'asar a asibiti Yaya ya ce in miƙo masa Alƙur'anin da ke gefen gadonsa.

"Kana da alwala?"

Ina da ita, amma sai da na je na sake, don ban tabbata ba.

"Ka je ka zo da Ummi, in za ta zo," ya ce. "Amma ɗora hannunka nan. Ka rantse ba za ka gaya mata ina kwance ba. Ba da bakinka ba, ba a rubuce ba, ba ta bakin wani ba. Ba na son a zo mini don tausayi. In za ta zo, ta zo don ni ubanta ne."

"Yaya, wannan magana ai da nauyi."

"Na san ka, Sabi'u. Kai ko biro ka tsinta sai ka kwana uku kana cigiyar mai shi. Shi ya sa na zaɓe ka."

Na ɗora hannu na rantse. Ya san ni kuwa. Ya san inda raunina yake, ya sa yatsa a kai ya danna. Allah ya jiƙansa, amma wannan abu har gobe ban yafe shi da zuciya ɗaya ba.

Ba na jin harshen mutanen can, don haka na roƙi Issaka ya raka ni. Abokin aikina ne, mutumin zangon Kumasi, ya yi shekara ashirin a jiragen ruwa kafin ya zauna a unguwar Woolwich, kuma ya tsinci Fotugis, harshen da ake yi a Brazil, a tashoshin jirgi. A Hausarsa kowa namiji ne, har matarsa. Ya san halin da Yaya ke ciki, ya kuma san rantsuwar.

Ba zan ɓata takarda a kan jirage da motoci ba. Wahalar ta fara ne a wani ƙaramin gari inda kwalta ta ƙare. Muka sami mai a-kori-kura, Issaka ya nuna masa sunan ƙauyen, ya buga ƙirji ya ce har ƙofar gida zai kai mu. Ya karɓi haƙƙinsa tun kafin ya tayar da mota. Bayan awa biyu ya tsaya a bakin wani kogi, ya sauke jakunkunanmu, ya nuna tsallake da leɓe, ya juya. Kafin Issaka ya gama haɗa zagin da zai yi masa, ƙurarsa ma ta ɓace.

Wani masunci ya haye da mu a kwalekwale. Na miƙa masa abin hannu, ya ture, ya nuna mana gabas da hannu, ya ɗaga yatsu biyar. Na ɗauka minti biyar yake nufi. Awa biyar ce.

Jakata a kasuwar Woolwich na saye ta, mai sayarwa ya rantse har Makka za ta kai ni. Igiyar kafaɗa ɗaya ta tsinke tun kafin azahar, na ɗaure da igiyar wando. A ciki akwai darduma, dabino, garin kunu, kaya kala uku da maganin sauro gwangwani biyu. Buta na rataye a waje tana bugun ƙuguna a kowane taku. A ƙafata kuwa baƙin takalmin aiki ne mai ƙarfe a baki, wanda nake shara da shi. Hagunmu teku, damanmu tudun yashi, ba itace, ba inuwa, ba ɗan Adam. Iska tana kwaso yashi tana watsa mini a ido. Ina tafe ina ƙirga abin da zai iya faruwa: ruwan teku ya cika ya rufe hanya, ƙafata ta karye, fasfo ya jiƙe, mu iso a ce ta tashi jiya. Kowane minti goma sai na taɓa aljihun fasfo.

"Malam Sabi'u," in ji Issaka, "fasfo ba shi da ƙafa. Bar shi ya huta."

Muka isa ƙauyen ranar Lahadi gab da magariba. Bukkoki ne na ganyen kwakwa, da kwalekwale a kife, da awaki. A wata rumfa na hango mace a cikin ragar kwanciya, irin wadda suke ɗaurewa tsakanin ginshiƙai biyu. Ummi ce. Ta yi baƙi, ta rame, ta ɗora malfa a kan ɗankwali. Ta ɗago ta gan ni, littafin hannunta ya faɗi.

"Baffa?"

Ta sauko ta rusuna ta gaishe ni, wannan kam ba ta manta ba. Ta dubi takalmina, ta dubi butar, ta dubi Issaka. Sai fuskarta ta canja.

"Baba lafiya? Wani abu ya same shi?"

Nan ne wurin. Duk wanda zai zarge ni, nan zai tsaya ya zarge ni. Ƙarya ba zan iya ba, gaskiya kuma an ɗaure mini baki a kanta. Sai na lalubo wata gaskiyar da ba ta da amfani.

"Na baro shi a zaune yana shan shayi," na ce.

Haka ne kuwa. A zaune yake, an jingina shi da matasai uku, nas tana riƙe masa kofi.

Ta saki numfashi, sannan ta yi wata dariya marar daɗi. "To aiko ka ya yi ka kamo ni. Kamar lokacin da nake jami'a, da ya turo ka Manchester don na kwana biyu ban ɗauki waya ba. Baffa, ba ka gajiya da zama ɗan aikensa?"

Na ce ta dawo gida, ubanta yana son ganinta. Ta ce shi ya faɗa da bakinsa, ko ni na ƙara? Ya ce ya janye maganar mabuɗi? Na ce a'a, wannan bai ce ba.

Mai rumfar ta gaya wa Issaka cewa gobe Litinin da safe akwai motar kifi da za ta fita zuwa gari, kuma ba wata sai bayan kwanaki. Da mun hau ta, da Laraba muna London. Na san wannan lissafi tun a lokacin, ba daga baya na yi shi ba.

"Ni gobe zan shiga cikin yashi," in ji Ummi. "Kwana biyar ne zuwa bakin kogin can gaba, na riga na shirya da ɗan ja-gora. In kana da magana, ka biyo ni ka faɗe ta a hanya. In mun fita zan yi tunani."

Da safe ina tsaye ina kallo aka loda kwandunan kifi, motar ta tashi. Issaka ya matso kusa da kunnena.

"Kai ka rantse, ni ban rantse ba. Bari ni gaya shi. Yarinya nan ubanshi zai mutu, kai kana wasa."

"Ya ce ba ta bakin wani ba. In ka faɗa, ni na faɗa."

Ya tofar da yawu ya goya jakarsa.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba, kuma ba na fatan sake gani. Yashi ne fari fat kamar an zubar da garin fulawa, tudu bayan tudu, wani ya kai tsayin bene hawa goma. A tsakanin kowane tudu biyu akwai tafki na ruwan sama, wani shuɗi, wani kore, garau har kana ganin ƙananan kifaye a ƙasa. Mutane suna tahowa daga ƙarshen duniya don su ga wannan. Ni haushi ya ba ni. Ina ganin kyan wurin kamar rashin kunya, ga ɗan'uwana can yana narkewa a gado.

Ɗan ja-goran wani dattijo ne siriri marar magana, ƙafarsa ba takalmi. Da asuba ake tashi, kafin yashi ya ɗau zafi, a tsaya da hantsi ya yi nisa. Hawan tudu, taku uku gaba, biyu baya. Takalmina ya cika da yashi, na cire na rataya a wuya, kafin azahar tafin ƙafata ya yi ƙulli-ƙulli na ruwa. A bakin tafki na farko na tsaya ina tambaya ko awaki na shiga ciki, ko mutane na fitsari a ciki, ko ruwan ya halatta a yi alwala. Na yi sau biyu, na sake ta uku.

"Allah ya kawo ka inda ruwa ya fi na London tsabta," in ji Issaka, "kai kana nema mishi laifi."

Ranar nan na zazzage wa Ummi duk abin da ke cikin buhuna. Na ce 'ya mace ba ta yawo ita kaɗai a bayan duniya. Na ce ranar Juma'a a masallacin Regent's Park mutane suna tambayar ubanta ina take, yana sunkuyar da kai. Na ce haƙƙin iyaye ba abin wasa ba ne. Kowace magana na jefa, sai ta ƙara sauri, ni ina haki a baya.

"Baffa," ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "kai ma ka bar gida ka je ƙasar da ba ka san kowa ba, ko Turanci ba ka ji. Me ya sa naka ya zama neman arziki, nawa ya zama yawon banza?"

"Ni da izinin iyayena na fito."

"Ni ma na nema. Wata shida ina nema."

Na ji kamar in fizge jakar bayanta in jefa a tafki. Amma sunan uwata ne a kanta, ko tsawa ban taɓa iya yi mata ba. Sai na haɗiye, na juya fushin kan dattijon da ke gaba, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ina zaginsa a zuci don yana tafiya kamar ba shi da ƙashi.

Ranar Talata da rana muka sauka a wani ɗan tsibirin itatuwa a tsakiyar yashin, gidaje ba su fi shida ba, da bishiyoyin kashu. Wata tsohuwa baƙa ce ta karɓe mu, da ka gan ta ka ce daga Bichi aka ɗauko ta. Ta kawo wake da nama, na ƙi taɓawa don ban san naman mene ne ba. Ba ta ji haushi ba. Ta koma ta gaso kifi a gabana don in gani da idona, ta zubo wani gari a kwano. Issaka ya ɗanɗana ya kwashe da dariya.

"Gari ne, Malam! Garin rogo. Mun zo ƙarshen duniya mun iske gari."

Bayan na ci, tsohuwar ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta ɗora ƙafata a cinyarta ba tare da ta nemi izini ba. Na so in janye, na kasa. Ta wanke, ta huda ƙullin da ƙayar da ta ƙona a wuta, ta shafa wani mai, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Ta ba ni safar jikanta guda biyu, ta nuna in riƙa tafiya da su a kan yashi. Tana yi tana kallon fuskata, sannan ta ce wani abu.

"Ya ce me ka haɗiye da ya ƙi wucewa," in ji Issaka.

Na ce ya gaya mata gajiya ce.

Da Ummi ta tafi wanke kayanta, Issaka ya ja ni ƙarƙashin kashu.

"Malam Sabi'u, ni ba malami ba ne, amma wannan kowa ya sani. In ka rantse, ka ga abin da ya fi rantsuwa alheri, ka yi alherin, ka yi kaffara. Ka ciyar da miskini goma. Ya ƙare."

"Kai da ka yi shekara ashirin a jirgin ruwa, ko alƙibla ba ka sani ba, kai za ka ba ni fatawa?"

Maganar ta yi masa zafi, na gani a idonsa, ni ma na san na zalunce shi. Amma shi bai san abin da na sani ba. A unguwarmu ina yaro akwai wani mahauci da aka ce ya dafa Alƙur'ani ya saɓa. Na gan shi da idona, hannunsa na dama ya shanye, yana zaune a bakin kasuwa yana magana shi kaɗai, iyayenmu suna nuna mana shi suna cewa Alƙur'ani ne ya ci shi. Shekara arba'in da wani abu hoton mutumin nan yana kaina. Kowane lokaci na buɗe baki zan yi wa Ummi magana, sai in ji tafin hannuna na dama yana zafi, daidai inda ya taɓa bangon littafin. Na yi ta gaya wa kaina cewa likitoci makonni suka ce, ba kwanaki ba. Kwana biyar ba za su kashe kowa ba. In mun fita zan lallaɓa ta, ta zo don kanta, Yaya ya sami abin da yake so, ni kuma in tsira da rantsuwata. Kowa ya ci riba. Haka na tsara, kamar ni ke riƙe da littafin ajali.

Laraba da hantsi muka iso wani tafki da ya fi duk na baya girma. Ummi ta ajiye jaka ta shiga har gwiwa da kayanta, ta ɗebo ruwa ta zuba a kai. Ta fito ta zauna kusa da ni a kan yashi. Wannan ne karo na farko da ta zauna kusa da ni don kanta.

"Baffa, gaskiya ne Baba ya iya iyo? Ya ce kuna yara yana haye kogin Wudil ya dawo."

"Gaskiya ne. Ni nake riƙe masa riga a bakin ruwa ina kuka."

Ta yi dariya. "Ka san me? Duk tafkin da na gani shi nake tunawa. Na ɗauki hotuna sun fi ɗari don shi. Na yi tunanin maganarka. Zan koma, amma ba yanzu ba. Zan ƙarasa wata biyu, in dawo kafin babbar sallah, in durƙusa in ba shi haƙuri ko da ni ce da gaskiya. Baɗi kuma in kawo shi nan. Ina so in ga tsohon nan ya cire babbar riga ya shiga ruwa."

Baɗi. Ina kallon bakinta tana faɗar baɗi, tana murmushi.

Na dubi hannuna na dama. Na ce a zuciyata, to, ka shanye in za ka shanye.

"Ummi, babanki ba zai ga babbar sallah ba. Yana asibiti. Ciwon daji ne a hanta. Makonni suka ce, kuma an ci uku a ciki."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni tsawon lokaci, ruwa yana ɗiga daga ɗankwalinta. Da ta buɗe baki, Hausa ce ta fito, tsantsa, irin wadda ban san tana da ita ba.

"Tun ranar Lahadi ka sani."

"Ya sa ni na dafa Alƙur'ani."

"Na tambaye ka. Na dubi idonka na tambaye ka, ka ce yana shan shayi."

"Ban yi miki ƙarya ba."

"Ba ka yi mini ƙarya ba." Ta miƙe. "Kana tsaye motar kifi ta tashi. Ka bi ni kwana uku kana yi mini wa'azin haƙƙin iyaye, ubana yana mutuwa a aljihunka. Kai dai ka tsira, ko? Kai dai kada wani abu ya taɓa ka."



Dattijon ya zana mana a yashi da yatsa: baya kwana biyu da rabi, kuma ba mota, gaba kwana biyu zuwa bakin kogi, inda ake samun jirgin ruwa. Na kawo mu tsakiya cif, inda ba kusa ta kowane ɓangare. Ummi ta zazzage jakarta ta bar rabin kayan a wurin, ta ce a tashi. Dattijon ya nuna rana ya girgiza kai, ta ce a tashi. Muka yi tafiya a cikin zafin da su kansu mutanen wurin ba sa fita. Safar tsohuwa ta huje, tsumman ya jiƙe da jini. Issaka ya karɓi jakata ya haɗa da tasa, shi da na ce bai san alƙibla ba. Tafkunan suna nan a hagu da dama, shuɗi da kore, ba wanda ya ƙara kallonsu. Tafiyar kwana biyu muka yi ta a kwana ɗaya da rabi.

Alhamis da yamma muka hango bakin kogi. A kan tudu na ƙarshe wayata ta fara kuka a aljihu, saƙonni suna shigowa a jere. Na buɗe na Rabi, muryarta ta fito, Ummi tana tsaye a gefena.

"Malam, don Allah ina kuka shiga? Jiya Laraba Yaya ya farka garau, ya sha kunu, ya yi ta hira. Ya sa na gyara masa hula. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗago ya ce Ummi ce? Ya ce akwai maganar da zai gaya mata, na ce ya faɗa mini in riƙe, ya ce a'a, tata ce. To yau da safe maganar ta ɗauke. Idonsa biyu, amma ba ya iya cewa komai. Ku yi sauri."

Ummi ta karɓi wayar ta sake saurara. Ta miƙo mini, ta gangara tudun ita kaɗai.

Lahadi da safe muka shiga ɗakinsa, kai tsaye daga filin jirgi, da yashi a kunnuwanmu. Ya zama ƙashi da fata. Ummi ta durƙusa ta kifa fuskarta a tafin hannunsa, tana ta magana, Hausa da Turanci a cakuɗe. Yatsunsa suka motsa a kan kumatunta. Leɓensa ya yi ta rawa, yana ƙoƙari, yana ƙoƙari, ba abin da ya fito sai iska. Sannan idonsa ya zo kaina.

"Na karya, Yaya," na ce. "Na gaya mata. Da ban gaya mata ba, da ba ka gan ta ba."

Ya daɗe yana kallona. Ban san ko godiya ce ko tuhuma ba. Bayan kwana uku ya cika, tana riƙe da hannunsa. Maganar da ya ce tata ce, ya tafi da ita.

Bayan addu'ar bakwai na je masallacin Regent's Park na sami wani malami bayan sallar Juma'a, na kwashe komai na gaya masa, ina jira ya ce na halaka. Ya saurara, ya ce abin da Issaka ya ce, kusan kalma da kalma. Ya ƙara da cewa tun ranar farko ya kamata in karya. Na tambaye shi batun hannu, ya ce in ɗaga. Na ɗaga. Ya ce to ga shi nan.

Ranar Asabar Rabi ta ɗora tukunya ɗaya ta shinkafa da kaza, ta kaffarar rantsuwar. Ba ta kai awa biyu ba ta sauke. Muna zubawa a robobi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ummi ce, karo na farko da ta tako gidana tun dawowarmu. Ta gaishe da Rabi, ta gaishe ni a taƙaice, idonta a ƙasa. Rabi ta gaya mata abin da muke yi, za mu kai wa masu kwana a titi wajen kasuwar Woolwich.

Ta tsaya a kan teburin. Ta bi robobin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har goma. Tukunyar ma ba ta ƙare ba, akwai saura a gindi.

"Baffa," ta ce, "shi ke nan? Wannan ne?"

"Wannan ne," na ce.

Ta ɗauki leda biyu ta yi gaba. Na ɗauki sauran da hannuna na dama, lafiyarsa ƙalau, na bi bayanta.